Ranar da Jan Biro Ya Yi Shiru

Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin jarida, amma a unguwarsu mutane da yawa sun ɗauka akawu ne. A ofis Jan Biro ake ce masa, saboda jan biron da yake maƙalewa a bayan kunne, har wata rana ya tafi gaisuwar mutuwa da shi bai sani ba. Aikinsa gyaran rubutun wasu: ya cire harafin da ya yi yawa, ya mayar da waƙafi inda ya dace, ya datse labari ya shiga gurbinsa, sannan ya ɗora masa kanu. Teburinsa na can ƙurya, tsakanin injin kwafi da wata taga mai kallon shagon mai gyaran firiji. Ƙafar kujerarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, sai ya ninke tsohuwar takarda ya tokare ta.

Jaridar da yake wa aiki mai faɗin shafi ce da ƙananan haruffa, masu sayarwa Tsohuwa suke kiranta. Ba ta ɗaga murya. Ko rabin gari ne ya ƙone, cewa za ta yi an samu rahoton gobara. Alƙalai ne ke sayenta, da malaman jami'a, da tsofaffin ma'aikata masu karanta ta tun daga kanun farko har sanarwar canjin suna. Jan Biro yana alfahari da haka, ko kuma dai haka yake faɗa.

Ƙaninsa ne ciwonsa. Su biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarsu, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya, kowa kuma Auta yake ce wa ƙaramin har ya tara gemu. Jan Biro ne ya kai shi ofishin Tsohuwa ya roƙa aka ɗauke shi, shi ne ya zaunar da shi yana nuna masa bambancin "an ce" da "an tabbatar". Auta ya yi shekara biyu, ya ce shi ba zai tsufa yana kwafar jawabin manya ba. Ya tsallaka titi ya koma wata 'yar jarida mai jan kanu da manyan hotuna, wadda ake wa laƙabi da Mai Kururuwa. Kafin a ce me, sunansa ya fara hawa shafin farko, ga ɗan hotonsa a gefe ya riƙe haɓa kamar mai tunanin duniya.

Inna ba ta yi karatun boko ba, amma ta san fuskar ɗanta. Duk shafin da ya fito a kai sai ta sa an sayo mata. Idan baƙi suka zo, ta ɗauko ta baje a kan tabarma.

"Ga ɗana ɗan jarida," in ji ta. In kuwa Jan Biro na zaune a wurin, sai ta nuna shi da haɓa ta ƙara da cewa, "Shi ma Babba a can wajen yake aiki."

Ba da wata manufa take faɗa ba. Amma duk ranar da ta faɗa, haka zai koma gida yana faɗa da yara kan an bar fitila a kunne.

Yana da wata ɗabi'a. Kullum da safe sai ya sauka a mahaɗar hanyar da ke kusa da ofis, inda mai jarida ke baje kayansa a kan tebur ya danne su da duwatsu. Nan 'yan karatun kyauta ke taruwa, direbobi da masu gadi da waɗanda suka fito neman aiki, suna karanta kanu suna gardama. Jan Biro kan tsaya a bayansu kamar shi ma baƙo ne, yana jiran ya ji ko wani zai karanta nasa kanun da ƙarfi. Da wuya a karanta. Shekarun tsayuwar nan sun koya masa halin kowace jarida, har yakan faɗi kanunta kafin ya gani. Ya lura cewa in ɗan manya ne ya yi ɓarna, sai a ce yana fama da taɓin hankali. In talaka ne, a ce ɗan daba. In kuwa baƙo ne daga wani gari, to ɗan ta'adda ne tun kafin 'yan sanda su buɗe baki.

Abin ya faru wata ranar Talata, wajen ƙarfe uku na rana, a ƙofar wata masana'antar robobi, daidai lokacin da masu aikin safe ke fita na yamma ke shiga. Wani mai gadi da aka sallama makon da ya wuce ya dawo da bindiga, ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe wuta. Mutum tara suka mutu, fiye da ashirin suka ji rauni. Harsashinsa ya ƙare, direbobin manyan motoci suka danne shi, 'yan sanda suka tafi da shi an rufe masa kai da riga. Suka ce ba za su faɗi sunansa ba sai an kai shi kotu.

Da la'asar ofishin Tsohuwa ya cika da ƙarar waya. Edita, wani dogo mai tabarau wanda bai taɓa gudu ba ko da ruwa ake yi, ya kira Jan Biro ofishinsa ya tura masa wata takarda. Kwafin katin aikin mai harbin ne, wani daga cikin masana'antar ya aiko. Jan Biro ya duba: siririyar fuska, ƙananan idanu, kunnen hagu a tsage daga sama.

"Ba za mu sa ba," in ji Edita. "Mai irin wannan aiki so yake a san shi. Ba mu za mu yi masa talla ba. Kawo kanu."

Jan Biro ya san a can tsallaken titi Auta na wasa wuƙarsa. Don haka ya yi abin da bai saba ba, ya rubuta: *Tara sun fita aiki, ba su koma gida ba.* Ya miƙa wa Edita kamar ɗalibi.

Edita ya karanta ta saman tabarau. "Malam, wannan ai waƙa ce. Mu labari muke bugawa." Ya soke, ya rubuta nasa. Ya kuma ce kada a sa sunan masana'antar a kanu, a bar shi can cikin sakin layi na shida. Jan Biro bai tambayi dalili ba. Shi ne ke duba tallarsu ta shafi guda duk ranar Litinin.

Washegari teburin mai jarida ya cika har mutane sun sauka kan titi. Tsohuwa ta ce: *Mutum tara sun rasu a harbin wata masana'anta, an kama mutum ɗaya.* Jaridar da ke bayan gwamnati ta ce jami'an tsaro sun shawo kan lamarin cikin minti ashirin, ta sa hoton wani babban jami'i yana nuna wani abu da yatsa. Ta 'yan adawa ta yi tambaya da manyan baƙaƙe: *Wa ya ba shi bindiga?* Ta 'yan kasuwa ta damu da cewa bokiti da kujerun roba za su yi tsada. Wata kuma ta gano cewa mutumin ba ɗan gari ba ne, ta maimaita haka sau huɗu a shafi ɗaya. Mai Kururuwa tana tsakiya, ja wur: *JINI A BAKIN ƘOFA! Ya harbe su yana dariya.* A ƙasa, takalmin wata mata ƙafa ɗaya a kan kwalta, da sunan Auta.

"Wannan ita ce jarida!" in ji wani direba. "Ita Tsohuwar nan sai ka ce hatsarin keke take ba da labari."

Aka yi dariya. Jan Biro ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a baya. Wa ya ga mutumin yana dariya? Wa ya tabbatar? Amma duk wanda ya zura hannu a aljihu, ja yake ɗauka.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da aka kai mutanen. Ba ta samu dawowa ba sai da safen nan, shi kuma ya koma gida ɗaukar makullin durowarsa da ya manta, ya tarar da ita a falo ta cire takalmi ta miƙe ƙafafu. Ya baje mata jaridun yana nuna mata ƙaryar Mai Kururuwa layi-layi.

Ta dube su ba ta taɓa ba. "Baban yara, duk cikinsu ba wadda ta faɗi abin da na gani. Wayoyinsu ne suka yi ta ƙara a aljihu. Mun rufe mutum da zane, wayarsa na ta kira, an rubuta Mama. Ba wanda ya iya ɗauka." Ta murza idanu. "Amma dai Auta ya zo. Shi kaɗai ne a cikin 'yan jarida ya zauna a ƙasa tare da matar wani direba, har ya riƙe mata jariri ta yi kuka ta more. Naku ya tsaya a ofishin babban likita ya karɓi adadi ya tafi."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tattara jaridun ya fita bai ce a huta gajiya ba.

Da azahar yana zaune a gidan abincin da ke bayan ofis sai ga Auta, ya shigo da ƙamshin turare, makullin mota na kaɗawa a yatsa. Masu kawo abinci suka hau gaishe shi da suna. Ya ja kujera.

"Yaya, barka da rana. Ka ga na yau?"

"Na gani. Wa ya ce maka yana dariya?"

"Haba Yaya, mutum biyu suka faɗa. Bar wannan, ga na gobe." Ya ciro hoto daga ambulan ya ajiye kusa da farantin. Masu gadi ne su biyar cikin kayan aiki, sun jera a gaban ƙofar masana'antar. An zagaye kan na biyu daga hagu da jan alƙalami. "Ga mai harbin nan, wata maƙwabciyarsu ce ta nuna min shi. Ba wanda ke da wannan a garin nan. Shafin farko duka nawa ne. Gobe sai dai ku rufe shago ku tafi gona."

Jan Biro ya duba. Idon da ya shekara ashirin da shida yana farautar kuskure bai ɗauki daƙiƙa uku ba. Wanda aka zagaye mai faɗin fuska ne, kunnuwansa lafiya lau. Mai tsagaggen kunne shi ne na uku, ya ɗan juya kai gefe.

Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Sai wata mai kawo abinci ta matso tana cewa mahaifinta ba ya karanta kowa sai Auta, Auta ya yi mata murmushin nan nasa na shafin farko. Jan Biro ya haɗiye maganar da ruwa.

"Ya ka gani, Yaya?"

"Hoton ya fito sosai," in ji shi.

Har ya koma teburinsa yana kawo wa kansa hujja. Katin sirrin ofis ne. Jaridar ba tasa ba ce. Ai suna da nasu masu dubawa. In ma ta fita, iyaka su ba da haƙuri a shafi na biyu, yaron ya ɗan sauke kafaɗa, ya san cewa aikin nan ba ihu ba ne kawai. Sau biyu ya ɗauki waya ya ajiye. A duk lissafin da ya yi, Auta kaɗai yake gani. Bai tuna ko sau ɗaya ba cewa mutumin da ke cikin da'irar nan yana da gida, kuma zai fita da safe.

Ranar Alhamis Mai Kururuwa ta fito da fuskar ta cika shafi: *GA DODON!* Kafin ƙarfe tara babu ko ɗaya a tebur. Shi kuwa mai faɗin fuska bai san abin da ake ciki ba, ya raka 'yarsa makaranta, yana dawowa ya tsaya sayen burodi. Wani ya dubi jarida ya dube shi, ya kwarma ihu cewa 'yan sanda sun saki mai kisa. Kafin masu shagunan da suka san shi su ƙwace shi, an karya masa hannu da haƙarƙari, kunnensa ɗaya kuma bai sake ji ba.

Ranar Juma'a duk jaridun suka juya kan Mai Kururuwa. Edita da kansa ya rubuta sharhi kan illar gaggawa, ya ba Jan Biro ya sa kanu. Ya rubuta: *Harsashi na goma daga injin buga jarida ya fito.* Wannan karon Edita bai ce waƙa ce ba. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, ashe kana da irin wannan a ciki?" Washegari a tebur wani ya karanta kanun da ƙarfi, mutane suka ce wallahi gaskiya ne. Jan Biro na tsaye a baya. Ya ji daɗi, ba zai yi wa kansa ƙarya ba, daɗi ne mai ratsa jiki. Sai dai bai kai ofis ba daɗin ya gushe, ya tsaya ya dafa bango.

Aka sallami Auta. Da Jan Biro ya je gaida Inna ya same shi zaune a ƙofar ɗakinta, babu turare, babu makulli a yatsa.

"Babba, kai ne uba yanzu," in ji Inna. "Ka yi masa hanya a wajenku."

"Inna, bar Yaya," in ji Auta, kansa a ƙasa. "Laifina ne. Na kai masa hoton, maimakon in ce ya duba min, sai na tsaya cika baki. Da na tambaye shi sosai da ya gano. Yaya ba ya kuskure."

Jan Biro ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce yana da aiki, ya tashi.

Ranar Lahadi da hantsi, matarsa na gugar kayan aikinta, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata komai, tun daga katin har "hoton ya fito sosai". Ba ta ɗago ba sai da ta gama hannun rigar. Ta kafa dutsen gugar a tsaye.

"Ni na wanke masa jinin kunne," in ji ta. "'Yarsa ta zo da kayan makaranta tana tambaya ko babanta ne ya kashe mutane. Ba ni za ka gaya wa ba, Baban yara. Ɗaki na biyu, gado na bakwai."

Ya je, da ledar lemo a hannu. Mutumin na kwance, hannu a ɗaure, fuska a kumbure. Sai da Jan Biro ya zagaya ta ɓangaren kunnen da ke ji sannan suka gaisa.

"Kai ma ɗan jarida ne?"

"Eh."

"Wacce?"

"Tsohuwa."

Mutumin ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya. "Ku ne masu mutunci. Ku ba ku sa ni ba. An karanta min abin da kuka rubuta, na harsashi na goma. Allah ya saka wa wanda ya rubuta shi da alheri."

Jan Biro ya ce amin. Ya ajiye lemon, ya yi masa fatan sauƙi, ya fito da maganarsa a ciki kamar yadda ya shiga da ita. Bayan an sallami mutumin, ya bi ta hannun wani abokinsa ya samo masa aikin tsaron sito, inda ba a buƙatar kunne biyu. Bai bari ya san daga ina aikin ya fito ba. Matarsa ta ce hakan ya yi, amma ba shi ne abin da ta aike shi ba.

Auta kuwa irin mutanen nan ne da ko a rijiya aka jefa su sai sun fito da kifi. Bai rufa shekara ba wani gidan rediyo ya ɗauke shi. A shirinsa na farko ya ba da labarin kuskurensa da bakinsa, ya gayyato mai gadin ya nemi gafararsa kowa na ji, har muryarsa ta karye. Gari ya ɗauka. Aka ce ga ɗan jarida mai tsoron Allah. Jami'o'i suka riƙa kiransa ya yi wa ɗalibai magana kan yadda ake ba da labarin kisa ba tare da an ƙara wani ba. Jan Biro yana jin shirin a motar haya, yana jin fasinjoji na sa albarka, shi kuma yana ƙirga kurakuran nahawu a zuci.

Ya yi ritaya idanunsa sun fara yana. Auta ne ya zo ɗaukarsa zuwa asibitin ido wata safiya, a sabuwar mota mai sanyi. Suna tsaye a cunkoso, ba gaba ba baya, Jan Biro yana kallon gilashi ya ce:

"Ranar nan da ka kawo min hoton. Na san ba shi ba ne. Na ga katinsa tun ranar Talata."

Auta bai juyo ba. Ya rage sautin rediyo.

"Na sani, Yaya. Mai ɗaukar hotonku ya gaya min ka ga katin, tun a makon."

"Ka sani? Shekara bakwai? Me ya hana ka magana?"

"In ce me? Ni na zana da'irar, ba kai ba. Na yi fushi, wallahi na yi, wata biyu ba na son jin sunanka. Daga baya na ga in na buɗe baki Inna ce za ta sha wahala. Ya wuce, Yaya. Na yafe tuntuni."

Jan Biro ya yi tsammanin in ya sauke kayan nan zai ji sanyi. Ya shirya wa zagi, ya shirya a tsayar da mota a ce ya fita. Abin da ya taso masa a maimakon haka tsohon abin nan ne, mai ɗaci, wanda ya sani kamar tafin hannunsa. Har a yafiya ma yaron nan ya riga shi, kuma ya yi ta cikin sauƙi, hannu ɗaya a kan sitiyari.

"To, na gode," in ji shi, da ƙyar.

A asibitin, mai rubuta kati ta ji muryar Auta ta ɗago da sauri, ta kira abokan aikinta biyu. Suka kewaye shi suna so a ɗauke su hoto tare. Ta waiga neman wanda zai riƙe waya, idonta ya faɗa kan tsohon da ke tsaye da katin asibiti a hannu.

"Baba, don Allah ɗan taimaka mana."

"Yayana ne," in ji Auta. "Ɗan jarida ne, ya fi ni."

"Allah sarki," in ji ta, ta miƙa masa wayar. "Nan za ka danna, Baba."

Ya karɓa, ya ja da baya, ya danna. Sannan ya nemi benci ya zauna jiran a kira lambarsa.